Makullin Siton Tasha

Jirgi ya daina tsayawa a garinmu damina biyu bayan an canja wa kuɗi launi, shekarar da na yaye Auta. Ya ci gaba da wucewa yana yi mana kuka daga nesa har wajen shekara uku, sannan wannan ma ya ɗauke. Abin da zan ba ku labari kuwa ya faru ne damina bakwai bayan an rufe tasha, shekarar da ruwa ya ƙi ɗaukewa har aka yi bikin 'yata Rifkatu cikin taɓo, amarya riƙe da takalminta a hannu. Kada ku tambaye ni lambar shekara. Ban shiga aji ba, amma ban taɓa rikita wata damina da wata ba. Rifkatun ce zaune gabana da biro, kuma na gaya mata in ta gyara mini magana zan gane ranar da aka karanta mini.

Dalilin da ya sa na ce a rubuta shi ne labari biyu ke yawo a kan siton tasha, kuma duka biyun ba haka aka yi ba. Ranar jana'izar babanku, Fasto ya tsaya a gaban jama'a ya ce marigayi ne ya buɗe wa mata sito saboda tausayinsa. Na yi shiru, don ba ranar gyara magana ba ce. A kasuwa kuma har yau akwai masu cewa ni na fasa kwaɗon da taɓarya. To, ku ji daga bakina. Ban fasa kwaɗo ba, shi kuma bai ba ni makulli ba.

Ku da kuka tashi kuka tarar da ciyawa a kan layin dogo ba za ku gane abin da tashar nan take ba. Ni daga Dayi aka kawo ni aure, a mota har Funtua, daga nan aka sa ni a jirgi, ranar ce na fara ganinsa da idona. Da ya yi kuka na ƙanƙame gwaggona, mutanen taragon suka yi ta dariya. Wata uku bayan nan ni ce ke bin tagoginsa da faranti a ka ina sayar da waina. Mu biyu ne muka fi kowa ciniki, ni da Ladi mai fura, wadda kuke ce wa Hajiya yanzu. Minti kaɗan jirgi ke tsayawa, saboda haka hannu ɗaya na miƙa waina, ɗaya na karɓar kwabo, ƙafa kuma tana tafiya. Da kaka, dilolin auduga sukan cika dakalin tasha har ba ka hango wanda ke ɗaya gefen. Gyaɗa a buhuna, fatu, wani lokaci shanu. Daga kudu kuma goro ke zuwa da manja da gishiri, da mutane masu yare iri-iri. A bakin tagar jirgi na koyi gaisuwa da harshe huɗu.

Babanku shi ne mai juya layi, shi ne kuma mai tuta, shi ya sa gari duka ke ce masa Mai Tuta har sunansa na baftisma ya kusa ɓacewa. Yana da hula mai baki, da tuta ja da kore, da guduma mai doguwar ƙota. A jikin maɗacin da ke bakin tasha akwai guntun ƙarfen dogo a rataye, shi ne ƙararrawarmu. Doka ce, ba a buga shi sai an aiko cewa jirgi ya baro tashar da ke gabanmu. Ko gobara aka yi ba a taɓa shi. Da an ji ƙararsa sai gari ya motsa: ni in zuba ƙullu a tanda, Ladi ta ɗauki ƙwarya, matafiyi ya bar sallama a rabi. Babanku ne kaɗai ke buga shi, kuma yana buga shi kamar mai karanta Littafi, ba ƙari ba ragi.

Ranar da za a rufe tasha, shugabanta, wanda muke ce wa Masta, wani dattijo mutumin kudu mai Hausa a karkace, ya kulle ɗakin tikiti ya kulle sito, ya kira babanku a gaban kowa ya sa masa makullai a hannu. Ina wurin, da farantina.

"Mai Tuta, ka riƙe wannan. Kada ka buɗe wa kowa sai jirgi ya dawo."

Babanku ya ce to. Masta ya hau taragon ƙarshe, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Na tabbata shi kansa kafin ya kai Zariya ya manta da abin da ya faɗa. Amma ya faɗa wa mutumin da ba ya mantuwa.

Shekara bakwai babanku yana riƙe da wannan kalma. Kowace safiya in an gama addu'a sai ya sa hula, ya ɗauki guduma, ya bi layi har sigina, ƙarfen da ke ba jirgi alamar shigowa, ya dawo, yana ƙwanƙwasa ƙusoshi. Ya share dakali. Ya shafa wa wurin juya layi baƙin mai. A bayan sito akwai tulin katakan da ake shimfiɗa dogo a kansu, sababbi, waɗanda aka ajiye don gyara. Ya yi musu rumfar ciyawa, yana sake ta duk shekara kafin ya sake ta ɗakinmu. Masu gini sun zo neman su, ya kore su. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo, ya bi su da guduma. Wani lokaci nakan hango shi ya durƙusa ya kara kunne a kan dogo. Mutane suna dariya a bayansa, amma a gabansa ba mai yi, domin tashoshin da ke gaba da bayanmu duk an kwashe musu kwano da ƙofofi, tamu kuwa ko ƙusa ba ta ɓata ba. Ni ban taɓa yi masa dariya ba. Ina so ku riƙe wannan.

Yanzu sai masara. Mu da muka tashi, dawa da gero muka sani. Masara ta bayan gida ce, a gasa wa yara. Sai malaman gona suka kawo sabon iri da takin zamani, kowa ya koma mata, har mu mata a 'yan gayaunanmu. To ita masara tana nuna tun ruwa bai ɗauke ba. Dawa takan jira rani ya shigo, a ɗaure ta dami-dami a jefa a rumbu a liƙe. Masara ba ta jira. A waccan shekarar ta yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba, ruwa kuma ya ƙi tsayawa. Ka shanya da safe, kafin azahar hadari ya haɗo. Muka cika ɗakuna, muka cika zaure, har ƙarƙashin gado. A gidan Saratu, matar ƙanen babanku Yohanna, masara ta fara tsiro a tsakar ɗaki. Kuma ga tasha can a tsaye, dakalin siminti mai tsawon da za a shanya amfanin unguwa guda, ga sito mai kwano ba ya yoyo, babu komai a cikinsa sai jemagu.

Ladi ce ta fara faɗa. Ta ce ke Talatu, kina kwana ɗaki ɗaya da makulli muna asarar shekara? Na ce zan yi magana. Na jira ya ci abinci ya wanke hannu, na durƙusa na faɗa masa yadda ake ciki, gida-gida.

"Ba nawa ba ne," ya ce.

"Na sani, Malam. Aro za mu yi. Ranar da jirgi ya dawo, kafin ya tsaya mun kwashe."

"An ce kada in buɗe wa kowa. Ke ma kowa ce."

Sau uku ina komawa cikin mako guda. Na aika Yohanna, ya dawo da amsa iri ɗaya. Mai unguwa ya yi magana, Fasto ya yi, Liman ya yi. Ga kowa sai ya ce amana ce. Ranar Talata, ranar sunana, na tashi na tarar da masarata ta kusurwar ɗaki ta yi gashi fari. Ya sa hula ya bi layi kamar kullum. Makullan suna rataye a ƙusa bayan ƙofa, inda suke shekara bakwai, bai taɓa ɓoye su ba domin bai taɓa zaton akwai buƙata ba. Na tsaya ina kallon su. Na san abin da zan ɓata. Na miƙa hannu na ɗauka, na fita da su a tafin hannu a buɗe, rana tsaka, kowa yana gani. Kwaɗon ma bai yi gardama ba, don duk wata yana ɗiga masa mai.

Kafin ya dawo daga sigina, mata sun fi ashirin a kan dakali, da kwanduna da tabarmi, Kirista da Musulmi, ana waƙa ana shara. Da ya ɓullo sai waƙar ta mutu. Ya tsaya ya dubi ƙofar sito a wangale.

"Wa ya buɗe?"

"Ni ce, Malam."

Na miƙa masa makullan. Bai karɓa ba. Ya dube ni kamar yadda ake duban baƙon da ya sauka a tashar da ba tasa ba, ya juya ya tafi gida.

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da yamma na kai masa tuwo da miyar kuɓewa ɗanya, wadda ya fi so, bai buɗe kwanon ba. Washegari haka. Sai ya koma cin abinci a gidan Yohanna. Ku da kuke zamanin da miji ke sayen taliya a bakin titi ba za ku gane nauyin wannan ba. Shekara talatin da wani abu ba wanda ya taɓa tuƙa masa tuwo sai ni, in ban da lokacin jego. Yanzu gari duka ya san Mai Tuta ba ya cin abincin matarsa. Saratu takan zo tana ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifi. Ban daina dafawa ba. Kullum in kai, kullum in ɗauke kwano a rufe. Yana gaishe ni da safe, yana amsa sannu, muna zuwa majami'a tare, shi gaba ni baya. Amma kwanon nan a rufe. A raina na ce ko ba komai na ceci hatsin mutane, wannan ya ishe ni.

Ashe ban cece shi ba. Mu abin da muka sani rumbu ne, kuma dokar rumbu ita ce a cika a liƙe, kada iska ta shiga. Haka muka yi wa sito. Muka shanya masara kwana biyu-uku a dakali, muka gurje, muka ɗura a buhuna, muka jera su a kan siminti, muka manna su da bango don wuri ya isa kowa. A saman bangon akwai wasu 'yan tagogi masu raga, muka hau tsani muka toshe su da tsumma da tsofaffin buhuna saboda feshin ruwa. Ni na ba da wannan shawarar, da bakina, ina jin kaina gwana. Muka ja ƙofa muka kulle.

Bayan mako biyu muka buɗe don Ladi za ta ɗebi na niƙa. Wari ne ya fara tarbar mu, irin na giyar da ta kwana. Ladi ta kwance bakin buhu ta zura hannu har gwiwar hannu, ta zaro da sauri, ta ce da zafi kamar cikin tanda. Muka ɗaga na ƙasa, gindinsa sharkaf, simintin ya yi gumi. Na jikin bango sun fara baƙi. Abincin shekara na gida ashirin ne a wurin, da irin shuka, kuma ni na kawo su. Ladi ta ja ni gefe ta ce, shekara nawa gyaɗa tana kwana a ɗakin nan ba ta taɓa ruɓewa ba? Akwai wanda ya san yadda ake yi, kuma a gidanki yake kwana.

Ban taɓa tafiya mai nisan wadda na yi daga tasha zuwa gidanmu ran nan ba. Na same shi a gindin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa. Na shirya magana mai tsawo a hanya, da hujjoji, amma da na buɗe baki wannan kaɗai na faɗa.

"Malam, hatsin yana ruɓewa. Ban san yadda ake yi ba."

Ya daɗe yana fiƙe ƙotar.

"Yau kwana huɗu ina jin warinsa in na wuce," ya ce. "Kun toshe masa hanci. Sito ba rumbu ba ne, Talatu."

"To ka zo ka nuna mana."

"In na sa ƙafa a ciki, ni na buɗe ke nan."

Na ce haka ne. Ban yi masa ƙarya cewa ba haka ba ne. Na tashi na koma tasha, muka fara jan buhuna waje ba mu san inda za mu kai su ba.

Ba mu fitar da goma ba sai ga shi, da hula, da guduma. Bai gaishe da kowa ba. Ya hau tsani ya fizge tsummokaran ɗaya bayan ɗaya yana jefowa ƙasa. Ya sa aka buɗe ƙofar baya da ba mu ma san tana buɗuwa ba, iska ta ratsa. Ya ce a zazzage kowane buhu a dakali, a baza da kauri kamar yatsa uku, a riƙa ja da ƙafa ana juyawa. Wadda ta yi baƙi ya ce a ware, ko kaji kada a ba. Ya ce ba buhun da zai koma ciki sai ya ciji ƙwayar da haƙorinsa ya ji ta ce ƙas. Sannan ya zagaya bayan sito ya tsaya gaban rumfar katakansa. Na ga ya tsaya. Na san abin da katakan nan suke a wurinsa: ranar da za a zo gyaran layi, su za a fara tambaya. Ya sa hannu ya yaye ciyawar, ya kira Yohanna da mazan da suka taru kallo, ya ce su kama. Aka jera su a cikin sito layi-layi, aka shimfiɗa zana a kai don kada warin kwalta ya kama hatsi. Ya nuna mana yadda ake ɗora buhu, biyu a tsaye uku a kwance, kada ya taɓa ƙasa, kada ya taɓa bango, a bar hanyar da kyanwa za ta zagaya. Ladi ta ce ashe Mai Tuta malami ne aka bar shi yana gadin jemagu. Bai yi dariya ba, amma na ga gefen bakinsa ya motsa.

Kwana na uku da fara shanyar, rana ta buɗe sosai, masara ta rufe dakali daga wannan kai zuwa wancan, mata suka watse gida don ɗora girki. Ni ma ina tsakar gida ina tankaɗe. Ashe hadari ya taso ta gabas, ta bayan gari, inda ba ma hangowa daga cikin gidaje. Shi kaɗai ne a tasha. Ba zai iya kwashewa ba, ba zai iya bin gida ashirin ba.

Sai na ji ƙarfen maɗaci.

Rariya ta faɗi daga hannuna. Wallahi ƙafata ta nufi inda tandar waina take kafin hankalina ya dawo. Ba ni kaɗai ba. Tsofaffi suka fito ƙofar gida suna duban gabas ta wajen sigina, wani makaho da ke zaune bakin masallaci ya miƙe yana tambaya ko jirgin Ƙaura ne ko na Zariya. Muka iso da gudu muka tarar da babanku a gindin maɗaci yana bugawa, ba ƙari ba ragi, yana nuna mana sama da hannu ɗaya. Muka kwashe masarar nan kaf, ɗigon farko ya sauka muna jan tabarmar ƙarshe. Muka tsaya a cikin sito ana haki ana dariya, ruwa yana dukan kwano. Shi yana bakin ƙofa yana kallon dogo yadda ruwa ke gudu a kansa. Ya cire hular, ya karkaɗe ta, ya riƙe a hannu.

Da ruwa ya tsagaita na je gida na ƙarasa tuwon, na kawo masa nan bakin sito, don ban ga alamar zai tashi ba. Na ajiye na koma gefe. Ya buɗe kwanon. Ya ci loma uku kafin ya yi magana.

"Gishiri ya yi kaɗan."

"Mako uku ba mai gaya mini," na ce.

Ya cinye tas. Daga ranar bai sake bin layi ba, bai sake kara kunne a kan dogo ba, hular kuma ya sa ta a akwati tare da tutocin. Wannan shi ne abin da na karɓe masa, kuma ban taɓa cewa ƙaramin abu ba ne. Mun rasa kamar kashi ɗaya cikin biyar na masarar, sauran ta kai mu wata kaka. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana kula da siton, yana cizon masarar kowa, yana buga ƙarfe in hadari ya taso. Makullan dai bai sake taɓa su ba. Ni ke buɗewa, ni ke rufewa. Wani ma'aikacin reluwe ya taɓa zuwa duba gine-gine, ya ga kwano lafiya, ƙofofi lafiya, ya yi rubutu a takarda ya sayi masara tiya biyu ya tafi.

Yanzu kun ga yadda wurin ya koma. Siton na ƙungiyar mata ne, ɗakin jira an sa injin niƙa, tagar da ake sayar da tikiti wani ke cajin waya a ciki. Katakan suna nan ƙarƙashin buhuna, ko ɗaya bai ruɓe ba. Yaran yanzu sun ɗauka ƙarfen maɗaci don ruwa aka rataye shi tun asali.

Cikin waɗanda suka ja buhu a ranar, Yohanna ya tafi, mai unguwa ya tafi, Fasto da Liman na lokacin duk sun tafi. Saratu tana nan a Funtua wurin ɗanta, amma ba ta gane mutane. Saura ni da Hajiya Ladi. Ita idonta ya tafi, ni gwiwa. Duk wanda bai yarda da abin da na faɗa ba ya je ya tambaye ta tun tana nan, ya tafi mata da goro. Hular tana cikin akwatina, ta babban yayanku ce in na tafi. Makullan kuwa a mayar da su ƙusar bayan ƙofa, inda na ɗauke su.